Daga Illela Zuwa Tsibiran Teku: Jirgi, Murjani Da Tsohon Tekun Ƙasar Sakkwato

Gabatarwa

Idan aka buɗe taswirar Nijeriya aka nemi Illela, za a same ta can ƙurewar arewa, tana maƙwabtaka da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. In an ja miƙaƙƙen layi daga garin zuwa gaɓar Tekun Atlantika, nisan ya haura kilomita 800. Babbar hanyar nan da aka ƙaddamar da aikinta a shekarar 2024, wadda aka tsara ta tashi daga Illela ta dire a Badagiri, tsawonta kilomita 1,068 ne. Ruwan da ɗalibin Illela ya saba da shi shi ne na rijiya da na fadama, sai kuma tafkin Kalmalo, wanda shi ma yakan cika a wata shekara ya janye a wata. Saboda haka, in malami ya shiga aji ya ce yau darasi a kan masu hawa jirgin ruwa ne suna zagaya tsibirai domin hutu, ba abin mamaki ba ne wani ɗalibi ya ce a ransa, ina ruwan biri da gada?

To, akwai ruwansa. Dokar da ke riƙe da waɗannan manyan jirage a kan teku ita ce dai ke riƙe da kwalekwalen fito a Gulbin Rima, kuma saɓa mata na cin rayukan mutanenmu kusan kowace damina. Haka nan dutsen da aka gina da yawa daga cikin tsibiran da ake zuwa kallo, ɗan'uwan dutsen da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasar Sakkwato ne.

Otal Mai Tafiya A Kan Ruwa

A da, mutum kan shiga jirgin ruwa ne don ya isa wani wuri: fatauci, ko aikin hajji, ko neman ilimi. Shiga jirgi domin jin daɗin tafiyar kawai baƙon al'amari ne. Jirgin farko da aka ƙera musamman saboda haka shi ne Prinzessin Victoria Luise, mallakar wani kamfanin Jamus, a shekarar 1900. Bai yi tsawon rai ba, domin a watan Disamba na 1906 ya hau kan duwatsu a bakin tsibirin Jamaika ya lalace. Abin da ya bunƙasa sana'ar kuwa, jirgin sama ne. Daga 1958, lokacin da manyan jiragen sama suka fara ƙetare Atlantika cikin 'yan awoyi, sai fasinjoji suka juya wa jiragen ruwa baya. Har a nan gida an ga haka, domin jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya daɗe yana kai ɗalibai da ma'aikatanmu daga Ikko zuwa Ingila cikin kimanin mako biyu, ya daina aiki a 1974. Kamfanonin da suka rage sai suka karkata akalarsu ga masu yawon hutu.

Tsarin tafiyar mai sauƙi ne. Fasinja na kwana a cikin jirgi, a nan yake ci yake sha. Jirgi na tafiya da dare, gari na wayewa ya tsaya a wani tsibiri, mutane su sauka su yini, da yamma su koma a ɗaga. A shekarar 2024 mutum fiye da miliyan 34 ne suka yi irin wannan yawo, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku nasu tsibiran Karebiyan suka nufa. Ɗaya daga cikin jirage mafi girma, Icon of the Seas, wanda aka ƙera a ƙasar Finlan ya fara aiki daga Miyami a Janairun 2024, tsawonsa kusan mita 365 ne, hawansa 20, yana kuma iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000.

Ga wani abu da ya kamata ɗalibi ya duba a taswirar duniya. Illela tana kan digiri 13 da 'yan kai arewa da ikwaita. In ka bi wannan layi yamma ka ƙetare teku, za ka faɗa tsakanin tsibiran Barbados da San Lusiya, waɗanda jiragen nan ke yawan tsayawa. Watau rana ɗaya ce ke dukan mu da su, ta kusurwa ɗaya. Amma a Illela zafin bazara kan wuce digiri 40, daren hunturu kuma ya sa mutum neman bargo, alhali a Barbados zafi ba ya nisa da digiri 30 da rana duk shekara. Dalili shi ne ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma jinkirin sakinsa. Zafin da ake bukata a ɗumama kilo ɗaya na ruwa ya ninka na busasshen yashi wajen sau biyar. Teku ke daidaita musu yanayi. Mu kuwa abin da nahiyarmu ke aika musu ƙura ce: tun 1965 masana ke auna ƙurar Sahara da iska ke kaiwa Barbados, 'yar'uwar wadda ke rufe mu da hazo.

Me Ya Hana Jirgi Nitsewa?

Jefa allura cikin ruwa, nan take za ta nitse. Ɗora tasa, wadda ta fi allura nauyi nesa ba kusa ba, za ta zauna a sama. Masanin da ya fara bayyana dalilin haka shi ne Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ka'idarsa ita ce: duk abin da aka sa cikin ruwa, ruwan zai turo shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya kawar daga wurinsa. Lita ɗaya ta ruwan daɗi nauyinta kilo ɗaya ne. Ƙarfe ya fi ruwa nauyi kusan sau takwas, don haka curin ƙarfe ba zai iya kawar da ruwan da ya kai nauyinsa ba, sai ya nitse. Amma in maƙeri ya buɗa shi ya zama tasa, cikinta iska, to tana ɗan shiga ruwa kaɗan ta riga ta kawar da ruwan da ya kai nauyinta, sai ta tsaya. Jirgin nan mai hawa 20 tasa ce babba. Abin da ke cikin ruwa daga jikinsa mita tara ne da ɗan kai.

Bari mu yi lissafi da jirgin da muka sani. A ɗauka akwai jirgin fito mai shimfiɗaɗɗen ciki, tsawonsa mita 10, faɗinsa mita ɗaya da rabi, zurfinsa santimita 60. Faɗin cikinsa ke nan murabba'in mita 15. Duk santimita ɗaya da ya shiga ruwa zai kawar da lita 150, watau zai ɗauki kilo 150. In nauyin jirgin kansa da injinsa kilo 1,500 ne, zai shiga ruwa santimita 10 tun ba kowa a ciki. Mutum 40, kowane kilo 60, sun zama kilo 2,400, jirgi ya ƙara shiga santimita 16. Saura rata ta santimita 34 tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa. Wannan lodi ne na hankali.

Yanzu a ce ranar kasuwa ce. Aka ƙaro mutum 20, da buhu 20 na hatsi mai kilo 100, da babur biyar masu kimanin kilo 100 kowane. Ƙarin ya kama kilo 3,700, watau kusan santimita 25. Ratar da ta rage santimita tara ce, faɗin tafin hannu. Abin lura a nan shi ne jirgin bai nitse ba. Yana nan a kan ruwa, matuƙi na iya nuna shi ya ce ai ga shi ya ɗauka. Sai an kai tsakiyar gulbi, iska ta taso da igiyar da ta fi santimita tara, ko jirgi ya bugi kututture, ruwa ya fara shiga. Kowace lita 150 da ta shiga tana cin wani santimita, ratar na raguwa, ruwan na ƙara samun hanya. Daga nan al'amarin ba ya ɗaukar minti da yawa.

Akwai kuma batun daidaito, wanda ya fi na nauyi haɗari. Kowane jirgi na da cibiyar nauyi. In tana ƙasa, jirgi ya karkata zai dawo daidai da kansa. In ta hau sama, ya karkata sai ya zarce. Shi ya sa masu ƙera manyan jirage ke sa injuna da tankunan mai da na ruwa a can ƙasa, su yi benayen sama da kaya marasa nauyi. A kwalekwale kuwa, mutanen da ke zaune a kan tulin buhuna, ko waɗanda suka miƙe tsaye don tsoro, ko suka ruga gefe ɗaya, su ke ɗaga cibiyar nauyi ko su gusar da ita. Ruwan da ya taru a cikin jirgi ba a kwarfe ba shi ma mugun fasinja ne, domin duk gefen da jirgi ya karkata can yake kwarara ya ƙara danna shi.

Ba labarin nesa ba ne. A ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 da kaya masu nauyi ya nitse a Kogin Kwara kusa da Warra a Jihar Kebbi, waɗanda aka ceto ba su fi ashirin da 'yan kai ba. A Afrilun 2022 mutum 29, akasarinsu yara da matasa, suka rasu a Gidan Magana cikin Ƙaramar Hukumar Shagari. A teku kuma, jirgin Joola na ƙasar Senegal, wanda aka yi domin fasinja 536, ya kife daura da Gambiya a daren 26 ga Satumba 2002, jama'a da yawa na kwance a saman bene; hukuma ta ƙidaya mamata 1,863, fiye da na Titanic.

Turawan Ingila sun sha irin wannan masifa a ƙarni na 19, har wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya tsaya kai da fata aka yi doka a 1876 cewa a zana layi a jikin jirgi wanda ruwa ba zai wuce ba. Har gobe kowane babban jirgin kaya na ɗauke da wannan alama. Ba ma layi ɗaya ba ne, domin ruwan teku ya fi na kogi nauyi: lita 1,000 ta ruwan gishiri kilo 1,025 ce. Jirgin da aka yi wa lodi a kogi, yana fita teku zai ɗan taso. Layin da ya fi kowane tsauri shi ne na Arewacin Atlantika lokacin sanyi, saboda haukan igiyar ruwa. A ganina babu abin da zai hana sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu fito su ɗauki wannan dabara. Dokar hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana lodin wuce kima da tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ruwa, amma jami'i ba zai tsaya a kowane mashigi ba. Layin fenti kuwa, ko tsohuwar da ba ta yi boko ba tana iya dubawa ta ƙi shiga.

Gungu Da Tsibiri

Bahaushe na da kalma biyu. Tsibiri shi ne duk ƙasar da ruwa ya kewaye. Gungu kuwa an fi faɗarsa ga na cikin kogi. Yawancin irin wannan kogi ne ke gina shi: inda gudunsa ya ragu sai ya sauke yashi da laka, ciyawa ta kama, saiwoyi su riƙe. Daga wannan kalma aka sami sunan Gungawa na ƙasar Yawuri, waɗanda suka shahara da su da noman albasa a tsibiran Kwara. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye da yawa daga cikin tsibiran nan, har da mafi yawan babban tsibirin Foge da tsohon garin Busa, aka sake wa mutum kimanin 44,000 matsuguni. Can sama kusa da Gaya akwai Gungun Lete, wanda Nijar da Benin suka daɗe suna jayayya a kansa, sai a ranar 12 ga Yuli 2005 Kotun Duniya ta raba gardama: cikin tsibirai 25 na wannan yanki, 16 na Nijar ne har da Lete, tara na Benin.

Tsibiran teku mafi kusa da mu suna Mashigin Gini, kuma wuta ce ta haife su. Dubi taswira za ka ga Anobon, da Sawo Tome, da Firinsife, da Biyoko sun jeru kamar an ja zare, layin ya hau tudu ta Dutsen Kamaru ya ci gaba cikin nahiya, wani reshensa ya kai tsaunukan Biu a Jihar Borno. Duka duwatsu ne masu aman wuta. Narkakken dutse ya riƙa fitowa daga ƙasan teku yana daskarewa, wani kan wani, har ya ɓullo sama. Ƙololuwar Biyoko ta haura mita 3,000, ta Sawo Tome mita 2,024, Dutsen Kamaru kuma ya yi aman wuta a 1999 da 2000.

Sai dai akwai bambanci a tsakaninsu. Biyoko na kan kafaɗar nahiya, ruwan da ya raba ta da Kamaru ba shi da zurfi, kuma kimanin shekara 10,000 da suka wuce haɗe suke. Shi ya sa take da birai da gada irin na dajin Kamaru. Sauran ukun ba su taɓa haɗuwa da nahiya ba. Da Turawan Fotugal suka iso su wajen 1470 ba su tarar da kowa ba, kuma duk wata halitta da ke can sai dai kakanninta sun zo a tashi, ko a iska, ko a kan itacen da ruwa ya kwaso. Kaɗaici ya sa suka sauya kama, har Sawo Tome da Firinsife suna da tsuntsaye sama da iri 20 waɗanda babu su ko'ina a duniya. A Firinsife ɗin ne kuma masanin taurari Arthur Eddington ya ɗauki hoton husufin rana na 29 ga Mayu 1919, wanda ya gaskata hasashen Einstein cewa nauyin rana na lanƙwasa hasken taurari.

Ginin Murjani

Iyayenmu mata sun san murjani, jan dutsen ado da ake sa wa amarya. Na ainihi daga Bahar Rum yake fitowa, fatake suka riƙa ƙetaro hamada da shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne murjani ba ma'adini ba ne, ƙashin wata dabba ce. Jan nan na ado ba ya gina komai, amma yana da dangi a tekunan zafi waɗanda ke gina ganuwa mai tsawon ɗaruruwan kilomita.

Dabbar 'yar mitsitsiya ce, jikinta kamar 'yar jaka, bakinta a sama kewaye da 'yan yatsu. Tana tsotsar sinadari daga ruwan teku ta gina wa kanta ƙoƙon farar ƙasa ta zauna ciki. In ta mutu ƙoƙon na nan, 'ya'ya su yi gini a kansa. A cikin naman jikinta akwai wata ƙwayar gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke haɗa abinci da hasken rana kamar ganye, ta ba mai masaukinta kaso mafi tsoka, ita kuma ta sami mafaka. Wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka shi ya ƙayyade inda murjani zai rayu: ruwa mai ɗumi, wajen digiri 23 zuwa 29, garai-garai, mai gishiri sosai, marar zurfi yadda haske zai kai. Wasu irin ba sa ƙaruwa fiye da santimita ɗaya a shekara.

Daga nan ɗalibi zai iya amsa wata tambaya da kansa: me ya sa gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da manyan ganuwoyin murjani, ga ta kuwa a yankin zafi? Kwara da Bolta da Kwango na zuba laka da ruwan daɗi, su dagula teku su rage masa gishiri, sannan a wasu watanni ruwan sanyi na tasowa daga ƙasan teku daura da Gana da Kwaddibuwa. Bahar Maliya kuwa babu wani babban kogi da ke shiga cikinta, shi ya sa take cike da murjani. Alhazanmu na da, waɗanda suka taka ƙasa har Sudan, sun gan shi da idonsu: tsohon garin Sawakin inda suke shiga jirgi tsibiri ne da aka gina gidajensa da dutsen murjani, haka ma tsofaffin gidajen Jidda.

A Tekun Fasifik da na Indiya akwai wasu tsibirai masu ban mamaki. Siffarsu kamar zobe, ko kamar ganuwar birnin da gidajensa suka ɓace, tsakiya tafki, waje kuma teku mai zurfin dubban mita. Sunansu atol, kalmar da aka aro daga harshen mutanen Maldif. Tambayar ita ce, tun da murjani ba ya rayuwa a zurfi, a kan me ya fara gini a tsakiyar teku? Charles Darwin, wanda ya zagaya duniya a jirgin Beagle daga 1831 zuwa 1836, ya ba da amsa a littafin da ya fitar a 1842. Ya ce da farko dutse mai aman wuta ne, murjani ya kewaye gindinsa. Wuta ta mutu, dutse ya shiga nitsewa sannu a hankali, murjani kuma na ta gini sama yana bin haske. Daga ƙarshe dutse ya ɓace ƙarƙashin ruwa, zobe ya rage. Ba shi da hanyar tabbatarwa, har ya rasu a 1882 ana gardama. Sai a 1952 masanan Amurka suka haƙa rijiyoyi biyu a atol ɗin Eniwetok, suka yi ta ratsa farar ƙasar murjani, suka cim ma baƙin dutsen aman wuta a zurfin mita 1,283 a ɗaya, mita 1,405 a ɗayar. Masanan baya sun ƙara da cewa hawa da saukar teku a zamunan ƙanƙara, da ruwan sama da ya riƙa narkar da tsakiyar farar ƙasar lokacin da take a fili, suna da hannu babba wajen fitar da siffar zoben.

Mutanen irin wannan tsibiri daga ina suke shan ruwa? Daga rijiya, kamar mu. Ruwan sama na nitsewa cikin yashi ya zauna a kan ruwan gishiri, tun da ya fi shi sauƙi. Lissafin ma daga alƙaluman da muka gani ɗazu yake fitowa: raba 1,000 da 25, watau bambancin nauyin ruwan biyu, ka sami 40. Ma'ana, duk santimita ɗaya da ruwan daɗi ya ɗara fuskar teku, akwai santimita 40 nasa a ƙasa. In aka zuƙe shi da yawa, gishiri ya hau rijiya. Ƙasar Maldif, mai tsibirai kusan 1,200, tsayinta a kan teku bai wuce mita ɗaya da rabi ba in an daidaita, teku kuwa ya hau kimanin santimita 20 daga 1900, kuma yanzu yana ƙaruwa da fiye da milimita huɗu a shekara.

Shi kansa maginin yana cikin wahala. In zafin ruwa ya ɗara na al'ada da digiri ɗaya kacal na 'yan makonni, murjani na korar gansakukar da ke ciyar da shi, ya koma fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. An ga haka a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sannan daga 2023 aka shiga karo na huɗu wanda zafinsa ya taɓa fiye da kashi 80 cikin ɗari na murjanin duniya. Jiragen masu yawo ma na da nasu laifi. Suna kawo wa tsibirai kuɗi da aikin yi, wannan gaskiya ne, amma anka da ƙazantar ruwa da tururuwar dubban mutane a yini ɗaya suna barin tabo. A Maris 2017 jirgin Caledonian Sky ya hau kan murjani a Raja Ampat ta Indunusiya, ya farfasa dubban murabba'in mita na ginin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru.

Lokacin Da Illela Take Ƙarƙashin Teku

Masana duwatsu na kiran yankin da ya haɗa Sakkwato da yammacin Nijar da gabashin Mali Kwarin Iullemmeden. Tsakanin shekara miliyan 100 da miliyan 50 da suka shuɗe, duniya ta fi yau ɗumi, teku ya fi yau tudu, sai wani reshensa ya riƙa malalowa daga arewa ta inda Sahara take a yau, ya rufe wannan kwari, ya janye, ya sake dawowa. Teku ne mai ɗumi, marar zurfi ƙwarai. Duk zuwan da ya yi ya bar shimfiɗar laka ko yashi ko farar ƙasa, kuma masana sun raɗa wa shimfiɗun nan sunayen garuruwanmu: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina.

Dukamaje da Gilbadi suna Ƙaramar Hukumar Gada, maƙwabciyar Illela ta gabas. A shimfiɗar Dukamaje, wadda ta kai shekara miliyan 66 zuwa 70, aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku mai filafilai maimakon ƙafafu. An fara bayyana shi a 1930, sannan a 1972 wasu masanan Italiya suka ba shi sunan Goronyosaurus, don tunawa da Goronyo. A 1975 aka bayyana wani kadan teku mai suna Sokotosuchus. Akwai kuma kunkurun ruwa, da haƙoran kifin shak, da ƙashin bayan macijin teku.

Shimfiɗar Kalambaina, mai kimanin shekara miliyan 60, farar ƙasa ce da ta taru daga ɓawon katantanwa da sauran ƙananan halittun teku, har da murjani. Sinadarinta ɗaya da na Eniwetok da na gidajen Sawakin. Ita kamfanin siminti na Sakkwato ke haƙa tun da ya fara aiki a 1967, irinta kuma ake haƙa a Malbaza, gabas da Ƙonni. Wanda ya yi gini da simintin Sakkwato, da ragowar wancan teku ya yi.

Aiki Ga Malami Da Ɗalibai

Kayan gwajin duk suna gida. A sami babbar roba a cika da ruwa, a ɗora ƙaramar tasa, a riƙa zuba tsakuwa ɗaya-ɗaya ana ƙirgawa har ta nitse. A sake, amma a tsaya a kashi biyu cikin uku na wancan adadi, a yi alama a jikin tasar inda ruwa ya tsaya, sannan a kaɗa ruwan da hannu a ga ko za ta jure. A sake da cikakken lodi a kaɗa. Daga nan a tara tsakuwar a gefe ɗaya, ko a ɗora ta a kan gwangwani a tsakiyar tasar don nauyin ya hau sama, ɗalibai su rubuta abin da suka gani. Don gane bambancin ruwan kogi da na teku, a sa ɗanyen ƙwai cikin kofin ruwa, a riƙa ƙara gishiri ana motsawa har ya taso.

Makarantun Illela da Gada da Gwadabawa da Wurno suna da abin da makarantun Ikko ba su da shi. In an fita bakin tudu ko inda ruwa ya zaizaye ƙasa, a nemi farin dutse ko mai ruwan toka, a duba ko akwai zanen ɓawon katantanwa a jikinsa. A kankare ɗan garinsa a ɗiga masa ruwan lemun tsami. In ya yi kumfa, farar ƙasa ce. In kuwa aka ci karo da ƙashi ko haƙori a cikin dutse, kada a fasa don a ciro shi. A ɗauki hotonsa da biro a gefe domin a san girmansa, a rubuta sunan ƙauyen da irin shimfiɗar da ke samansa da ƙasansa, malami ya sanar da sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, domin da shimfiɗar da aka same shi a ciki ake gane shekarunsa.